Littafin bashin mai shago ya fi ni iko da albashina

Malam na Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta kwana biyu tana cin raina, na ce bari in kawo ta nan. Watan jiya na sayi littafi mai ganye 40, irin na 'yan aji uku, na ƙudura duk abin da na kashe sai na rubuta, ko ruwan leda ne. Ba nawa nake kashewa nake son sani ba, wannan na daɗe da saninsa: duka nake kashewa. Abin da nake nema shi ne wa ya sa na saya. Don haka gefen kowane layi sai in rubuta dalili.

Da wata ya mutu na zauna na duba. Abin da na zaɓa da kaina, na taya wuri biyu ko uku kafin in biya, bai cika yatsun hannu ɗaya ba. Takalmin makarantar yaro, da cajar waya, da wata fitila. Shinkafa, taliya, man gyaɗa, sabulu, sukari, duk a shagon maƙwabcinmu, don shi ke rubuta ni har albashi ya shigo. Na san kayansa sun ɗara na Tsohuwar Kasuwa tsada, shi ma ya san na sani. Atamfar anko guda biyu. Lemun kwalba da na aika aka sayo don baƙi, alhali ga zoɓo mai sanyi a randa. Hula da na saya ranar Juma'a saboda wani abokin aiki ya dube ni ya ce tawa ta yi hidima.

To ni tambayata, shin ni kaɗai ne haka? Mu ke sayayya, ko masu kallonmu da masu binmu ke yi mana?

Maman Ummi (Arkilla): Wa alaikumus salam. Malam, na ga anko ya samu layinsa a fili. Ina layin tsire? Ina na shayin majalisa? Ina na data? Ko littafin ya cika kafin a kai wurin?

Malam na Mabera: Hajiya, ki yi mini afuwa. Tsire sau huɗu. Dalilin da na rubuta a gefe: "ƙamshi".

Maman Ummi (Arkilla): Yauwa, yanzu muka fara muhawara.

Baban Walid (Gwiwa): Malam, matsalarka ba ta da wuyar magani, sai dai maganin da ɗaci. Ka daure wata ɗaya ka biya mai shago duk abin da yake binka, ka rufe shafin. Ranar da albashi ya shigo, kafin ka biya ta majalisa, ka wuce kasuwa ka auno na wata. In bambancin kwanon shinkafa naira 200 ne kawai, kwano goma ya zama 2,000. Ka haɗa da na mai, da na sabulu, da na taliya, ka ninka sau 12. Kuɗin makarantar yaro ɗaya ne kake bari a shago duk shekara kana cewa maƙwabtaka. Gero da dawa kuwa da kaka ake sayensu, lokacin da manomi ke neman kuɗi, ba da bazara ba lokacin da kai ke neman hatsi. Ni haka nake yi shekara da shekaru, babu mai shagon da ya san launin sa hannuna.

Bakano a Sakkwato: Wannan lissafin na wanda albashinsa ke kaiwa ƙarshen wata ne. Wanda nasa ke ƙarewa ranar 9 ga wata, da me zai rufe shafin?

Mai Shago, Runjin Sambo: Ranka shi daɗe Baban Walid, lissahinka ya yi kyau bisa takarda. Bari in hwaɗa maka yadda abin yake ta bayan kanta, tunda mu anka sa gaba.

Ni ka tahiya wurin dila in ɗauko katan na taliya, kuɗi hannu, ba ya jirana wata shi mutu. In biya kabu-kabu shi kawo man shago. Da dare Malam shi aiko yaro, a ba shi leda biyu, a rubuta. Kahin albashin Malam shi shigo, katan ɗin da nis saye ya ƙara kuɗi. Shi kawo man kuɗina cas, in koma wurin dila, in iske ba su sayen abin da sunka saye wancan karon. Tun da anka cire tallahin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita tat tashi daga ƙasa da 200 ta wuce 500 cikin 'yan kwanakki, munka shiga wanga hali, jari na narkewa hannunka kana kallo. Shaguna nawa anka ruhe unguwarmu? Ba gobara, ba ɓarawo, littahi na yac cinye su. Wagga naira 50 da kuka gani bisa kaya, ita ka riƙe da ƙohwar shagon a buɗe.

Kuma ina son a tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Anka sake takardun 200 da 500 da 1,000, tsohhin sunka ɓace, sabbin ba su zaka ba. Mutum na da kuɗi banki, shina kwana layin ATM, ko shi sayi naira da naira wurin mai POS. Wa yac ciyad da unguwa sannan? Kassuwa ta ba ka bashi? Akwai daren da wata yarinya taz zaka da kwano da murhi, ta tsaya bakin shago ba ta ce komi ba, sai da mutane sunka watse. Ban tambaye ta ba, nis sa mata garin kwaki da sukari da ƙuli, nir rubuta sunan babanta. Wanga mutum yau ko an ce mai ana raba shinkahwa rabin kuɗi bakin Sabuwar Kassuwa, wurina zai zaka. Ba wauta na ba, ya san ranad da zai sake bukata.

Baban Walid (Gwiwa): Allah ya saka da alheri, ban ce ba ku da amfani ba. Amma taimakon wata biyu a 2023 ba zai zama haraji na har abada ba. Kuma ba duka masu shago ne irinka ba. Akwai wanda in ya ga ka saba sai ya daina gaya maka farashi.

Almajirin Malam (Ƙofar Atiku): Nan Baban Walid ya taɓo wuri mai muhimmanci, a ba ni dama in ɗan tsaya kansa. Mafi yawan malamai sun halatta mutum ya sayar da kaya bashi a kan kuɗin da ya fi na hannu, da sharaɗin a yanke farashi guda lokacin ciniki, kowa ya san abin da ke kansa. Abin da bai halatta ba shi ne bashi ya tabbata sannan a ƙara don an yi jinkiri, wannan riba ce. To akwai wata ɗabi'a da ta shigo tun da kaya suka fara hawa kullum: mai shago ya rubuta "taliya 2, mai kwalba 1" babu kuɗi a gaba, sai ranar biya ya lissafa da farashin ranar. Wannan ciniki ne da ba a san kuɗinsa ba, kuma shi ke kawo rigima tsakanin maƙwabta. Mai aika yaro ma ya riƙa cewa a tambayo nawa aka rubuta. Kunyar tambaya ba tsoron Allah ba ce.

Mai Shago, Runjin Sambo: Allah shi gahwarta Malam, gaskiya ta. Ni kuɗi nika rubutawa gaban yaro. Amma na san masu yin wancan, kuma in ka ji uzurinsu sai ka tausaya ma kowa.

Malam na Mabera: Kun ga ni ban taɓa duba shafina ba. Jimla kawai yake gaya mini in tura.

Maman Ummi (Arkilla): Malamin lissafi ke nan.

Malam na Mabera: Hausa nake koyarwa, Hajiya.

Ɗan Kasuwar Daji: Ni kayan miya nika saidawa, ba ni da littahi, kayana ba su jiran kowa. Amma tunda ana maganar mi ka sa mutum shi saye, ku zo ku zauna kusa da ni wuni guda ku sha kallo.

Mai zuwa da sahe shina biyan kuɗin kyau, mai zuwa da marece shina sayen abin da nika tsoron shi kwana. Matan da sunka san kassuwa ba su zuwa sai rana ta yi sanyi, su ɗauki tumatur da yaf hwara laushi, dama miya za a yi, ba hoto ba. Wanda yas sauko daga mota ya aje ta inda nika hangenta, ya riga ya taya ma kainai. Kuma abin mamaki, in nic ce mai kashi 500 bai tayawa, wai kar a raina shi. Sai shi biya, shi tahi, mai tsohon mayahi ta zaka ta ɗauki irinsa 350 har da gyara.

Gyara kuwa, wallahi ta hi ragi aiki. In rage ma mace naira 50 ta manta kahin ta kai bakin titi. In ɗora mata tattasai biyu da attarugu ukku bisa kayanta, shekara tana nemana. Kuɗin ɗaya na, amma wanga tana ganinai da idonta cikin leda.

Albasa ko, kowa ya san lokacinta. Da rani in an kwashe ta daga hwadama, Goronyo da Wurno da Gada da Kware, sai ta cika kassuwa har a rasa wurin taka ƙahwa. Manomi mai hali shi zuba ta rudu, wato rumbun ajiyar albasa, shi jira. Daga damina ta yi nisa zuwa ƙarshen shekara, ita ka zama zinari, motoci na ɗibarta zuwa kudu. Mu da muka zaune bisa tushenta, gida nawa ka yanka ta su shanya lokacin araha? Kakanninmu sun yi, da kuɓewa da tumatur dut. Yanzu an ce ƙauyanci na.

'Yar Danfodiyo: Ku kuna maganar kasuwa da shago, mu namu mai shagon yana cikin waya. Ban tashi da niyyar sayen komai ba, ina kwance a ɗaki ina duba status, sai ga abaya a jikin wata mai tsawo, ga haske, ga waƙa a ƙasa, an rubuta saura guda biyu. Wannan "saura biyu" shi ke kashe mu. Na tura kuɗi cikin minti biyar. Bayan kwana shida direba ya kira ni in zo tasha in karɓa, na biya kuɗin mota, na biya Keke Napep zuwa da dawowa. Na buɗe leda a ɗaki gaban ƙawayena: abin da na gani ruwan toka mai duhu, abin da ya zo kalar kunun kanwa, yadin kuma in ka ɗaga shi kana ganin taga ta ciki. Na yi mata magana ta ce hasken kyamara ne. Kwana biyu na ga ta sake ɗora ta, har yanzu saura biyu.

Kuma ni na lura da wani abu. In kuɗi na hannuna, in ƙirga 'yan dubu-dubu in miƙa, sai in ji zafi har in fasa. Transfa ba ta da zafi, lamba huɗu ce ka danna. Sai dare in duba abin da ya rage in yi ta salati.

Bakano a Sakkwato: Ƙanwata, in daga wajenmu aka aiko miki, ina ba ki haƙuri a madadin jiha.

'Yar Danfodiyo: Yaya, ban faɗi gari ba, kai ka tsargu.

Maman Ummi (Arkilla): Bari in dawo kan anko da gaske, tunda kullum shi ne abin misali in maza za su yi maganar ɓarna. Ni ma ba na son yawansa. Akwai watan da aka fitar da uku a danginmu, biyu a cikinsu yanzu suna ƙasan akwati ko sau biyu ban sa ba. Amma ku gane, ba zane muke saye ba. Ranar da na aurar da ƙanwata, matan da suka cika gidanmu, suka kawo gudummawa, suka tsaya kan tukwane tun asuba, su ne waɗanda na yi ankonsu. In na ƙi na wata yau, an rubuta, ba a littafi ba amma an rubuta. Daidai yake da Malam da mai shagonsa. Bambancin kawai shi nasa bashin ana gaya masa jimla.

Abin da nake ganin za a iya gyarawa shi ne tsadar. Mai biki ta zaɓi atamfar da kowa zai iya, ba leshin da sai an ci bashi ba. Wata ma sai ta ɗora ribarta a kai, ta haɗa kuɗin kayan ɗaki da wuyan ƙawaye. Wannan kam ba zumunci ba ne.

Inna ta Gidan Igwai: 'Ya'yana, ɗiyata ka rubuta man wanga, ni ban iya waya ba. Shekara talatin ina dillanci gida gida. Ku maza kuna cewa mata na son saye-saye. Mace in ta ɗauki adashi ta sayi tukwane ko zannuwa ko ɗan kunnen zinari ko 'yar akuya, ajiya ta yi. Kuɗi in sun kwana ɗaki, mai gida ya ranta, yaro ya yi ciwo, baƙo ya zaka. Amma kwanon da ad cikin kabad ba mai cewa a ba shi rance. Ranad da ta matsu, ni taka kira in hid da shi a asirce, ko kishiya ba ta ji ba. Shi ya sa mace mai hankali kahin ta saye takan tambaye ni, Inna, in na tashi saidawa nawa za ya yi? Wagga abaya ta waya, jikata, wa za ya saye ta hannunki?

Kuma lokacin da Sabuwar Kassuwa ta ƙone, watan Janairu 2021, mai zannuwan da nika ɗauka wurinai komi nai ya tahi. Ya koma shimhiɗa tabarma da 'yan turame kaɗan. Akwai masu kaya da yawa, sun hi shi araha ma sannan. Ban canza ba, don shekara goma shina ba ni kaya in kai in kawo kuɗi ba takarda.

'Yar Danfodiyo: Inna, ko kyauta na bayar sai an yi mini alfarma.

Ɗan Illela: Ni abin da zan ƙara, wani lokaci ba ido ba ne, ba bashi ba ne, hukuma ce ke canza maka harshe. Kafin Agustan 2019 gidaje nawa ne a birni ke cin shinkafa 'yar gida da son ransu? Ana cewa tsakuwa, ana cewa ba ta tashi. Aka rufe iyakoki, ba a buɗe tamu ta Illela ba sai Disamban 2020. Cikin wannan tsakanin mutane suka koyi tsince ta da dafa ta, injinan gyara suka ƙaru, yau akwai yaran da in ka ba su 'yar waje sai su ce ba ta da ɗanɗano. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Duk wanda ke cin abinci tsakanin Illela da Ƙonni ya ji a jikinsa.

Sannan ga sefa. Da can mu ke tsallakawa da naira muna jin kanmu. Da naira ta faɗi, sai ya zama su ke zuwa da sefa kaɗan su canza su cika mota da kayanmu. Mai kaya kuma wanda ya fi biya yake kallo. Ka zo kasuwar Lahadi ka ga yadda ake yi.

Bakano a Sakkwato: Gaskiya ne. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 dubu 70 ne, kuma a shekarar akwai lokacin da buhun shinkafa ya fi shi. Mai irin wannan albashi ba zaɓi yake yi ba, ragewa yake yi.

Maƙwabcin Gwiwa: Ina ta karatu ban sa baki ba, amma akwai abin da ba zan iya haɗiyewa ba. Yaya Baban Walid, kai da babu mai shagon da ya san sa hannunka, ragon da aka sauke ƙofar gidanka bara ana saura kwana uku Sallah, wanda sai da mutum biyu suka riƙe shi, shi ma da kaka aka saye shi? Don na ga an ɗaure shi a waje, ba a cikin gida ba, alhali gidan da fili.

Maman Ummi (Arkilla): Innalillahi. A kawo ruwa.

Baban Walid (Gwiwa): Kai dai Allah ya shirye ka. To, tunda an tona, bari in faɗa da bakina. Na shiga Kara da kuɗin matsakaicin rago a aljihu, na riga na yanke abin da ba zan wuce ba. Na samu wani daidai, muna cikin ciniki, sai dillali ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, wanga ai na yara na, naka na can ciki." Ya ja ni. Ina isa na tarar da wani babban balami fari, wasu mutum biyu na tayawa, kowa na ƙara wa ɗan uwansa. Ban san lokacin da na sa baki ba. Da aka sallama mini, ko minti goma ba a yi ba na hango ɗaya daga cikin masu tayin zaune kan benci ɗaya da dillalin suna shan fura. Na cika da kuɗin da na ware na siminti. Ɗaure shi a waje kuwa, yara ne suka matsa.

Maƙwabcin Gwiwa: Yara. To.

Almajirin Malam (Ƙofar Atiku): Abin da aka yi maka sunansa najashi, mutum ya taya kaya ba da niyyar saye ba sai don ya ɗaga wa wani. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. Layya kuma sunna ce ga mai iko, tunkiya ko akuya da ta kai shekarunta, mai lafiya, ta isar. Jar akuyarmu da ake zuwa nema daga nesa saboda fatarta ba ta gaza ba.

Ɗan Kasuwar Daji: Malam, wa ka iya ɗaure akuya ƙohwar gida ranar Sallah, surukai na wucewa?

Mai Shago, Runjin Sambo: Baban Walid, abin da kab bari Kara wuni guda, shekara nawa za ni yi ina ɗora naira 50 kahin in tara shi?

Baban Walid (Gwiwa): Na ji, na karɓa. Amma maganata ta auno abinci tana nan, ban janye ba.

Malam na Mabera: Ni ma ban yi watsi da ita ba, shi ya sa kuka ji ni shiru tun jiya. Albashi ya shigo, na fara zuwa shago na ce a buɗe mini shafina in gani. Ya yi mamaki, amma ya buɗe. Kuɗi yake rubutawa, alhamdu lillahi, sai dai na ga biskit da alewa sun fi sau goma, ashe ɗan aiken yana karɓar ladansa. Na biya rabi. Na wuce Tsohuwar Kasuwa na auno shinkafa kwano shida da galan ɗin mai, na samu sauƙi, ba kamar yadda Baban Walid ya lissafa ba, don kabu-kabu ya ci nasa.

Matsalar ita ce hanyar gidanmu ɗaya ce, ta gaban shagon take bi. Ga ni bayan mashin, buhu kan tanki, galan a cinyata. Yana zaune kan benci. Ya ɗago hannu ya ce, "Malam, sannu da cefane." Bai ƙara komai ba. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Bayan Isha na rasa sukuni, na aiki yaro ya sayo Maggi da ashana a wurinsa, kuɗi hannu, alhali akwai su a gida.

Maman Ummi (Arkilla): Me ka rubuta a gefen layin?

Malam na Mabera: Ban rubuta ba tukuna. Yaron ma ya dawo ba canji, wai an ba shi biskit.